Ƙanena Giginya a Gonar Dabino

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin jinya a Damagaram, rabin yaran unguwarmu a hannuna suka faɗo duniya, amma har na aje aiki ba a daina kirana "yayar Giginya" ba. Sunana Zahara. Giginya kuwa ƙanena ne, Sadissou, wanda tsayinsa ya haura mita biyu tun bai cika shekara goma sha takwas ba. Ni na goye shi. Ni nake kai takalmansa wurin baduku ana ƙara musu fata, don babu daidai ƙafarsa a kasuwa.

Ƙwallon kwando ta ɗauke shi daga Damagaram ta kai shi Yamai, daga Yamai sai Tunis, daga Tunis sai wani babban kulob a Tarabulus. Ƙato ne, amma in ya tashi sama da ƙwallo sai ka rantse ba shi da nauyi. Ranar da kulob ɗinsu ya ci kofi, shi ya jefa ƙwallon ƙarshe ana saura daƙiƙa biyu a tashi. Samarin garinmu sun yini suna zagaye da babura, ni kuwa mata sai shigowa suke yi mini barka kamar na haihu. Da ya zo hutu a shekarar, ya sa aka kwashe jujin da ke bayan makarantar unguwa, aka zuba siminti, aka kafa kwanduna biyu. Yara da yawa sun tashi a filin nan. Biyu sun samu karatu a waje ta dalilinsa, akwai ma yarinyar da yanzu take buga wa ƙasa wasa.

Sai gwiwarsa ta hagu ta lalace. Aka yi masa aiki sau biyu. Ya fara haɗiyar tramol don ya iya shiga fili, daga baya ya koma haɗiya ko ba wasa. Wata rana alƙalin wasa ya hura masa usur, ya bi mutumin har bakin fili ya naushe shi, haƙora uku suka zube. Aka hana shi wasa har abada. Ba a jima ba yaƙi ya ɓarke a Libiya. Ya zo gida sau biyu, daga nan ya daina. Innarmu ta rasu ba ya nan. Shekara tara ban ji muryarsa ba.

Bara, 'yan ƙungiyar wasanni ta gari suka sake gyara filin, suka zo gidana su biyar da takarda mai hatimi. Za su sa wa filin sunansa, kuma suna so ya zo da kansa ranar biki. Na ce musu ban san inda yake ba. Da suka tafi sai na tuna da Abdoulkadri, maƙwabcina, direban da ke jigilar kaya tsakanin Agadas da Sabha ta kudancin Libiya. Na aika aka kira shi.

"Hajiya, na gan shi," in ji Abdoulkadri, idonsa a kan tabarma. "Yana wata gonar dabino a Gudduwa, kudu da Sabha. Shi ne wakilin mai gonar, shi ke kula da ma'aikata."

"To ai alhamdulillahi. Tun yaushe ka sani ba ka gaya mini ba?"

"Ki ba ni takardar in kai masa, Hajiya. Hanyar nan ba ta manya ba ce."

Na ce ƙafarsa ƙafata. Ya yi ta kawo dalili, na ƙi ji.

Kwana shida muka yi a hanya. Na huta kwana biyu a unguwar Mahdiya cikin Sabha, a ɗakin wata 'yar garinmu mai sayar da abinci, ƙafafuna a kumbure. Rana ta uku da hantsi Abdoulkadri ya ɗauke ni a motarsa muka nufi Gudduwa. Lokacin yankan dabino ne, duk gonar da muka wuce ana ta loda kwanduna.

Tun daga nesa na gane shi, don ba mai wannan tsayin. Sauran kuwa duk ya canza. Ciki ya zubo masa kan wando, wuya ya cika, yana jan ƙafar hagu. A hannunsa akwai guntun baƙin tiyon ban-ruwa, tsawon kamu biyu. Da ya gan ni ya tsaya baki buɗe.

"Yaya Zahara? Ke ce?"

Na rungume shi, kaina bai wuce ƙirjinsa ba. Na yi kuka. Warin da ke tashi daga rigarsa ya sa na ɗauke numfashi, amma na ce a raina mutumin gona ne, zufa ce.

Ya kai ni ɗakinsa a bakin gona. Na yi aiki a ɗakin masu ciwon da ya ruɓe, ban taɓa ganin ƙazanta irin ta ɗakin nan ba. Kwanonin abinci na kwana da kwanaki, ƙuda na bi. Bawon ƙwayoyi ko'ina a ƙasa, ina takawa suna ƙara. A ƙarƙashin gado jarkoki biyu na ruwan sha da aka cika da fitsari, ko rufe su ba a yi ba. Bango kuwa fes, an jera hotunansa guda bakwai cikin gilashi, kuma a bayyane yake ana goge su.

Na miƙa masa takardar. Ya karanta, ya sake karantawa, fuskarsa ta washe.

"Sai yanzu suka tuna? Da talabijin za a zo? Ki ce musu ban yarda da ƙaramin allo ba. A rubuta Giginya da manyan baƙaƙe, a sa lambata, goma sha huɗu."

"Sadi," na ce, "Inna ta rasu. Shekara shida ke nan."

"Na ji. Allah ya jiƙanta." Ya juya takardar yana duba bayanta. "Gwamna zai zo?"

Na ce zan fita in sha iska.

Na zauna a inuwar rumfar da ake tara dabino. Ma'aikatan su goma sha ɗaya ne, duk mutanen ƙasarmu, daga Tanut, daga Mirya, daga Gure. Suka gaishe ni da ladabi, amma ba wanda ya tsaya. Na lura duk inda Sadissou ya nufa sai su kauce da nisa, irin kaucewar da ake yi wa karen da ba a yarda da shi ba.

Wani mutum mai furfura a gemu, zai kai shekara arba'in da biyar, ya zo gabansa riƙe da igiyar da ake ɗaurawa a ƙugu a hau dabino. Daga baya na ji sunansa Mamane.

"Wakili, igiyar nan ta ci," in ji Mamane. Ya nuna wurin da zaren ya tsinke saura kaɗan. "Tun shekaranjiya na faɗa. A ba ni wata, ko in jira Hassane ya sauko in karɓi tasa."

"Ka jira? Motar mudir za ta zo da la'asar, ka ce ka jira?" Mudir suke kiran mai gonar, wani Balarabe, Haj Yousef.

"Itacen yana da tsawo, wakili. Ina da iyali."

Tiyon ya sauka a wuyan Mamane kafin ya rufe baki. Ƙarar ta iso har inda nake. Ya sake zuba masa a baya. Mutum mai furfura, a gaban 'yan'uwansa, ya duƙa yana kare fuska da hannu.

Na miƙe na ce, "Sadi!"

Bai ko waiwayo ba. "Yaya, ki zauna, ba ki san su ba. Jakai ne, sai da duka."

Mamane ya ɗaura igiyar ya fara hawa. Na tsaya ina kallo. Ya kai sama, ya yanke nono ɗaya na dabino ya zuro shi ƙasa. Ya jingina da baya zai kai hannu ga na biyu, igiyar ta tsinke.

Na san ƙarar faɗuwar mutum daga sama. Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar. Na same shi kwance rigingine a gefen kwatar ruwa, idonsa a buɗe, yana numfashi sama-sama. Ƙashin cinyarsa ta dama ya karye, ƙafar ta juya. Na matsa yatsun ƙafarsa na hagu na ce ya gaya mini in ya ji. Bai ji ba.

"Kada kowa ya ɗaga shi," na ce wa ma'aikatan da suka kewaye mu. "Bayansa ne. Ku ciro mini ƙyauren ɗaki. Abdoulkadri, kawo mota nan."

Sadissou ya iso yana jan ƙafa. Ya dubi mutumin, sai ya sa bakin takalminsa ya zunguri haƙarƙarinsa.

"Tashi. Na san irin wannan. Tashi, ko in tashe ka."

Mamane ya saki wata ƙara da har yau nake jin ta.

"Ɗauke ƙafarka daga jikinsa," na ce.

"Ba inda za a kai shi, Yaya. Ba shi da takardar zama. In aka kai shi asibiti 'yan sanda za su tambayi gonar wa, su zo su dami mudir. Ku kai shi ɗakin injin ruwa, akwai inuwa." Ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙwayoyi, ya jefa su a kan ƙirjin Mamane. "Ya sha biyu. Jibi zai miƙe."

Wani daga cikin ma'aikatan, Hassane, wanda ya sauko daga nasa itacen, ya yi magana ƙasa-ƙasa a bayana. "Hajiya, haka aka yi wa wani ɗan Gure bara. Kwana huɗu ya yi a ɗakin injin. A bayan gona muka binne shi."

Na ɗaga kai na dubi ƙanena. Bai musa ba. Ya dai harari Hassane, irin hararar da ke nufin za mu haɗu.

Ma'aikata biyu suka zo da ƙyauren. Sadissou ya tare musu hanya, suka ja baya. Na tashi na je na tsaya a gabansa, na ce ya matsa. Ya ɗaga tiyon sama, a kaina.

A nan sai in faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Zuwansa gida na ƙarshe, matarsa Soumaya ta shigo ɗakina da safe, muƙamuƙinta a goce, leɓenta a tsage. Ni na ɗinke ta. Ina ɗinki ina ce mata ta ce santsin banɗaki ne ya kwashe ta, kada ta ɓata sunan da gari ke alfahari da shi. Ta faɗi abin da na ce ta faɗa. Bayan wata biyu ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu a Maraɗi, ni kuma na bar mutane suna cewa ta gudu ne don arziki ya ƙare. Da na ga hannun nan a sama, abin da ya zo mini ba tsoro ba ne. Ƙyama ce, tasa da tawa a haɗe.

"Sauke," na ce masa. "Sauke a kaina, Sadissou. Bayan nan da ya goye ka, ga shi."

Hannunsa ya tsaya a sama. Ban san abin da zai yi ba, kuma ba zan taɓa sani ba, don a daidai lokacin wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, nan da nan ya yar da tiyon. Sai ga ƙaton nan ya rusuna, kafaɗunsa sun sauko, ya riƙe wayar da hannu biyu, muryarsa ta koma siririya.

"Na'am, ya Haj. Lafiya lau, ya Haj. Komai daidai, ba matsala ko ɗaya."

Larabcina kaɗan ne, amma wannan na gane shi. Yana magana yana murmushi yana gyaɗa kai ga mutumin da ba ya ganinsa, taku uku daga inda Mamane ke kwance.

Muka yi amfani da wannan dama. Na sa mutum huɗu suka mirgina Mamane kan ƙyauren a tare, na ɗaure masa ƙafa da mayafina da sanda biyu, muka sa shi a bayan mota. Na hau kusa da shi. Abdoulkadri ya tada mota. Sadissou ya gama waya ya biyo mu yana ɗingishi, ya kama ƙarfen motar.

"Yaya, don Allah kada ki ambaci gonar. Ki ce a hanya kuka tsince shi. Mudir zai kore ni. Ina zan je?" Hawaye ne a idonsa na gaske. Sai kuma ya ƙara, "Maganar biki fa? Yaushe ne?"

Na ɓamɓare yatsunsa daga ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, na ce wa Abdoulkadri mu tafi.

Tafiyar awa ɗaya ce zuwa Sabha, muka yi ta a biyu saboda ramuka. Na riƙe kan Mamane da hannu biyu don kada ya motsa. Ina ta jan shi da magana kada ya suma. Na tambaye shi garinsu, ya ce wani ƙauye ne gabas da Tanut. 'Ya'ya biyar.

"Hajiya, da gaske ke yayarsa ce?"

"Ni ce."

"Na taɓa ganin wasansa a Yamai, ina dako a kasuwa lokacin. Ban ci abincin rana ba don in shiga kallo." Ya ɗaga ido ya dube ni. "Babban ɗana sunansa na sa masa. Da aka ce mini Giginya ne wakili a gonar nan, wata gonar na bari na dawo nan. Na ce namu ne."

Na ce Abdoulkadri ya tsaya, na leƙa gefen mota na yi amai, na kuskure baki muka ci gaba.

A asibiti sun karɓe shi. An tambayi takarda, aka yi 'yar gardama, wata likita 'yar ƙasar ta ce a shigo da shi tukuna a yi maganar takarda daga baya. Da ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya tambaye ni inda abin ya faru, na faɗi sunan gonar, da sunan mai ita, da sunan wakilinta cikakke har da na ubanmu. Na faɗi na ɗan Gure da aka binne. Abdoulkadri ya fassara. Ɗan sandan ya rubuta a wata 'yar takarda, ya ninke ya sa a aljihu. Ban ji an je gonar ba har na bar ƙasar.

Mako uku na yi a Sabha ina jinyar Mamane. An gyara cinyar, bayan kuwa likita ta ce sai abin da Allah ya yi. Mutanenmu na unguwar Tayuri a Sabha suka haɗa kai aka samo masa wuri a motar masu komawa gida, a kwance. Tare muka ƙetare hamada. Ni na miƙa shi ga matarsa a Tanut. Yanzu yana iya zama, yana jan jiki da hannu zuwa ƙofar gida. Tafiya dai babu.

Da na isa Damagaram na kira 'yan ƙungiyar, su biyar ɗin, na zaunar da su na gaya musu komai, ban rage ko na Soumaya ba. Shugabansu ya cire hula ya sosa kai.

"Hajiya, abin ba daɗi. Amma an riga an rubuta allo, an aika wa baƙi. Kuma mu ɗan wasa muke karramawa, ba wakilin gona ba. Yara suna bukatar wanda za su kalla."

"To ku sa sunan yarinyar da ke buga wa ƙasa."

"Ai ita ba ta kai ba tukuna."

Aka yi biki ba shi. Aka ce a lasifika ayyuka ne suka riƙe shi a ƙasar waje. An aiko mini da kujera a sahun gaba, ban je ba. Ina tsakar gida ina jin tafi da ganguna, har da waƙar da 'yan makaranta suka shirya masa.

Bayan wata huɗu Abdoulkadri ya dawo daga wata tafiyar, ya shigo gaishe ni. Ya ce Haj Yousef ya sallami Sadissou. Na ce saboda Mamane? Ya ce a'a, gwiwar ce ta hana shi zagaya gona, aka samo wani mai ƙarfi daga cikin ma'aikatan aka ba shi tiyon. Yanzu yana Tayuri, a wani ɗakin kwano bayan shagon mai walda, yana yini a kan benci yana ba duk wanda ya tsaya labarin kofi.

"Ya ba ni saƙo, Hajiya. A wayata yake."

Na karɓa na kunna. Muryarsa ce, a shaƙe, kalmomin suna jan juna. Ya ce ya ji an yi biki. Ya ce in sa a turo masa hoton allon, yana so ya ga ko sun sa lambar. Ya ce wa ya yi jawabi, mutum nawa suka zo, an nuna a talabijin ko ba a nuna ba. Ya ce ya yafe mini abin da na yi masa. Minti huɗu da rabi yana magana. Na saurara har ƙarshe ina jiran ko zai tambayi mutumin da ya faɗo, ko da sunansa ne ya manta. Bai tambaya ba.

"In ce masa me?" in ji Abdoulkadri.

Na mayar masa da wayarsa. "Ka ce masa ka kunna mini, na ji."